Wata Uku Ina Neman Ƙarfin Ƙwayar Halitta Guda

Ranar da Dokta, mai kula da aikina, ta ce in auno mata ƙarfin da ƙwayar halitta guda ɗaya ke jan abin da take kwance a kai, na zaci akwai wata na'ura da ake ɗora ƙwayar a kanta, allura ta motsa, a karanta lamba kamar sikeli. Har na tambaye ta wane ɗaki aka ajiye na'urar. Ta yi murmushi ta ce, "Da hannunka za ka haɗa ta, kuma duk mako sai ka haɗa sabuwa." Ashe wata 'yar shimfiɗar jel take nufi, wadda kaurinta bai wuce na silin gashi ba, an liƙa ta a kan faifan gilashi, an barbaɗa mata 'yan ƙwallaye masu ƙyalli. Wannan shimfiɗar ta cinye mini wata uku.

Ƙwayoyin jiki ba kwanciya kawai suke yi ba, ja suke yi. Wadda na yi aiki da ita, faibirobilas, ita ce ke zaune cikin fata da sauran nama, kuma danginta ne ke jawo bakin rauni har ya haɗe. A cikinta akwai zarurruka na aktin, a kansu kuma wasu ƙananan injuna da ake kira mayosin suna taƙarƙarewa suna janye zaren. Ƙarshen zaren yana ɗaure da wasu ƙugiyoyi, intagirin, waɗanda suka ratsa fatar ƙwayar suka kama abin da ke waje. Idan ka shuka ƙwayar a faranti na roba mai tauri, duk wannan jan ba ya nuna komai, kamar mutum ne ya ɗaura igiya a bango yana ja. Sai ka ba ta abin da zai iya lotsawa kafin ka san tana da ƙarfi.

Wanda ya fara nuna haka a fili shi ne Albert Harris da abokan aikinsa a Jami'ar North Carolina ta Amurka, a 1980. Sun zuba ruwan silikon a kan gilashi, suka gifta shi ta harshen wuta na ɗan lokaci har samansa ya yi 'yar fata, suka shuka ƙwayoyi a kai. Fatar ta yamutse a kewayen kowace ƙwaya kamar zanen gado da aka damƙa da hannu. Kowa ya ga jan da idonsa, amma mayar da yamutsewa ta zama lamba abu ne mai wuya, domin tattarewar fata ba ta bin lissafi mai sauƙi. Sai a 1999 Micah Dembo da Yu-li Wang suka fito da hanyar da na bi: jel ɗin foli'akirilamaid, wanda ba ya yamutsewa sai dai ya miƙe ya dawo daidai gwargwadon ƙarfin da aka sa masa, da ƙwallaye a cikinsa a matsayin alamomi.

Makon farko a kan gilashi kawai ya ƙare. Jel ba ya kama gilashi haka nan, sai an wanke faifan, an shafe shi da sinadarin silen, an ɗauraye sosai, sannan a jiƙa shi da gulutaraldihaid. Idan ɗaurayar ba ta yi ba, sinadaran biyu suna haɗuwa su bar wani jan dattin da ke ƙyalli a madubin ƙara girma ya ɓata hoto. Na zubar da faifai fiye da yadda zan so in faɗa kafin hannuna ya zauna.

Sai haɗa jel ɗin kansa. Abubuwa biyu ne ke yanke taurinsa: akirilamaid, wanda ke yin dogayen sarƙoƙi, da bis, wanda ke ɗaure sarƙoƙin da juna. Ka ƙara bis, jel ya ƙara tauri. Ana auna taurin da faskal, kuma akwai jadawalin da masu bincike suka wallafa mai nuna cewa akirilamaid kashi 5 cikin ɗari da bis kashi 0.15 suna ba da abin da ya kai kilofaskal 4 zuwa 5 (kilofaskal ɗaya faskal dubu ne). Don ka gane inda wannan ya faɗa: ƙwaƙwalwa ba ta cika wuce kilofaskal 1 ba, tsoka wajen 10 take, farantin roba kuwa ya ninka tsoka sau dubu ɗaruruwa. Akirilamaid kafin ya daskare guba ne ga jijiyoyi, kuma yana ratsa fata, don haka Malam, dattijon da ke kula da kayan ɗakin bincikenmu, bai taɓa bari na taɓa kwalbar ba sai ya ga safar hannu da tabarau a jikina.

Haɗina na farko bai daskare ba. Na jira rabin awa, na jira awa guda, na ɗaga faifan sama sai ruwa ya tsiyaye. Na sake, haka. Malam ya zo ya tsaya a kaina, ya ɗauki 'yar kwalbar sinadarin APS da na ciro daga firiji, ya juya ta yana neman kwanan wata.

"Wannan tun yaushe aka jiƙa shi?"

"Wallahi Malam a haka na same shi."

"To ka same shi matacce. Auno hoda ka jiƙa sabo. Kuma ka zuƙe iskar da ke cikin haɗin naka kafin ka sa shi."

APS da TEMED su ne ke tayar da daskarewar, kuma APS idan ya daɗe a ruwa ƙarfinsa tafiya yake. Iskar oksijin ita ma tana kashe aikin, shi ya sa ake sa haɗin a tukunyar zuƙe iska na kamar minti 15, kuma da an zuba ɗigon a rufe shi da wani faifan nan take. Da na bi wannan, cikin rabin awa jel ya kama. Na ɓare faifan sama a ƙarƙashin ruwa, hannuna na rawa, ga shimfiɗa garau kamar babu komai a wurin.

Murnar ba ta daɗe ba. Ƙwallayen, waɗanda faɗin kowanne maikiromita 0.2 ne (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) kuma suna ƙyallin ja idan an haska su, sun watsu daga saman jel har ƙasansa. Waɗanda ake so su ne na sama, dab da cikin ƙwayar, domin jan yana raguwa da zurfi. Ƙwallon da ke can ƙasa kusan ba ya jin komai, haskensa kuwa yana dusashe hoton na sama. Na gwada kifa haɗin yayin da yake daskarewa don su sauko fuskar da zai zama sama, amma abu mai wannan ƙanƙanta ba ya nitsewa da sauri. Abin da ya fisshe ni shi ne shafa wa faifan rufi wani sinadari mai danƙo, folilaisin, in zuba ƙwallayen a kansa su manne, sannan in rufe haɗin da shi. Idan aka ɓare faifan, sai ya bar su jere a fuskar jel, shimfiɗa ɗaya, kamar taurari a daren da babu wata.

Akwai wani abin ban haushi game da wannan jel: ƙwaya ba ta iya kama shi. Santsi gare shi a wurinta, babu inda ƙugiyoyinta za su maƙale. Wannan ma alheri ne, domin kai ne za ka zaɓi abin da za ta kama, amma sai ka ɗinka shi da kanka. Ana zuba wani sinadari mai ruwan goro, Sulfo-SANPAH, a haska shi da fitilar ultrabayolet; gefensa ɗaya ya kama jel, ɗayan ya tsaya yana jiran furotin. Sai a ɗauraye a zuba kolajin, furotin ɗin da ƙwayar za ta kama, a bar shi ya kwana a sanyi. Ni kuwa na narkar da sinadarin a ruwa, sannan na tafi neman makullin ɗakin fitila, na tsaya gaisawa a hanya. Washegari na shuka ƙwayoyi, na dawo da yamma na tarar da su dunƙule kamar ƙwallaye, suna yawo a ruwa, ko ɗaya ba ta zauna ba. Gefen da ke kama furotin lalacewa yake a ruwa cikin mintoci. Tun daga ranar sai fitila na kunne, faifai na jere, sannan nake buɗe kwalbar.

A mako na shida na leƙa madubi na ga abin da nake nema: ƙwayoyi sun baje, sun miƙe, kowacce da 'yan ƙafafunta. Dole a shuka su da tazara, domin idan biyu suka yi kusa jan ɗaya yana shiga na ɗaya, ba ka san na wa kake aunawa ba.

Daga nan aiki ya koma ɗakin madubi, inda akwai akwatin da ke riƙe zafi a digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari, yadda ƙwayoyin ba za su san sun bar inkubeta, akwatin renonsu, ba. Tsarin a baki mai sauƙi ne. Ka zaɓi ƙwayoyi kamar ashirin, kwamfuta ta riƙe wurin kowacce. Ka ɗauki hoton ƙwayar, ka ɗauki hoton ƙwallayen da ke ƙarƙashinta tana cikin ja. Sannan ka cire ta, jel ya saki jiki ya koma yadda yake, ka sake ɗaukar hoton ƙwallayen nan dai, a wuri ɗaya, a zurfi ɗaya. Bambancin hotunan biyu shi ne duk abin da za ka samu. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne hoton na biyu, wanda babu ƙwaya a ciki, ya fi na farko daraja. Idan ya ɓaci, na farko ya zama ado kawai, kuma ba a maimaita shi, tunda ƙwayar ta riga ta tafi.

Sau uku ina ɓata shi. Karon farko bakin fifet, bututun zuba ruwa, ya taɓa gefen faranti lokacin da nake zuba tirifsin, sinadarin da ke yanke riƙon ƙwaya. Farantin ya goce da abin da ido ba ya gani, amma a madubi kamar an kai ni wata unguwa ce, wurare ashirin duk suka ɓace. Karo na biyu ban taɓa komai ba, amma ƙwayoyin suka ƙi tashi, saboda ban wanke ruwan renonsu ba, kuma ruwan jinin da ake haɗawa a ciki yana kashe kaifin tirifsin. Na uku na zuba shi da sanyinsa daga firiji, gilashi ya ji sauyin zafi, saitin madubi ya zame, ƙwallayen suka koma hazo. A ƙarshe Malam ya kawo siririn bututu ya manne shi a bakin faranti da salatif, ya haɗa ɗayan gefen da sirinji a wajen akwatin.

"Daga nan za ka tura, a hankali, kuma da ɗuminsa. Kada ka jingina da teburin. Numfashi ma ka rage."

Daren da abin ya yi, ni kaɗai ne a ɗakin. Na ɗora hotunan biyu a kwamfuta ina sauya su, wannan, wancan, wannan, wancan. Ƙwallayen da ke nesa da ƙwayar suna tsaye cik. Waɗanda ke ƙarƙashin bakinta na gaba da wutsiyarta kuwa sai su tsuke zuwa tsakiya, su saki, su tsuke, su saki, kamar shimfiɗar na numfashi. A ƙarƙashin cibiyar ƙwayar kusan babu motsi. Ƙarfin duk a gefe yake, kuma duk ciki yake fuskanta. Gocewar ba ta wuce maikiromita ɗaya ko biyu ba. Na fi minti goma ina danna maɓallin nan ba tare da na rubuta komai ba.

Amma wannan gocewa ce na gani, ba ƙarfi ba. Ƙarfin ba wanda ya taɓa ganinsa da wannan hanyar, lissafo shi ake yi, kuma a nan ne na fi shan wuya duk da babu sinadari ko ɗaya a ciki.

Matakin farko, a daidaita hotunan biyu da ƙwallayen nesa, don a cire ɗan zamewar da faranti ya yi. Sannan manhaja, ni ImageJ na yi amfani da ita, ta yanka hoton gida-gida, ta nemo inda tsarin ƙwallayen kowane gida ya koma a ɗaya hoton, ta zana kibiya. Sai babbar tambaya: wane ƙarfi ne, a ina, ya haifar da waɗannan kibiyoyin? Tun 1885 wani masanin lissafi Bafaranshe, Joseph Boussinesq, ya warware yadda abu mai lotsawa ke gocewa idan aka matsa shi a wuri guda, kuma a kan irin wannan lissafin ake gina komai. Daga ƙarfi zuwa gocewa hanya a miƙe take. Mu kuwa baya muke komawa. Ka ɗauka mutane da yawa sun zauna a katifa ɗaya, ba ka ganinsu, lotsawar kawai kake gani, aka ce ka faɗi nauyin kowa da inda ya zauna. Lotsawar kowane mutum ta bazu ta shiga ta maƙwabcinsa, don haka kuskure kaɗan wajen auna ramin sai ya haifar maka da ƙaton mutum inda babu kowa. A 2002 James Butler da abokansa a Harvard suka nuna yadda za a yi wannan juyin cikin daƙiƙoƙi da lissafin Fourier, amma saurin bai kawar da matsalar ba.

Taswirata ta farko ta fito da jajayen tabo ko'ina, har a wuraren da babu ƙwaya. Maganin shi ne wata lamba da ake sa wa lissafin don ya lallashe hayaniyar. Ka sa ta ƙarama, taswira ta cika da ƙarfin ƙarya. Ka sa ta babba, komai ya yi sumul, ƙarfin gaskiya ma ya narke ya ragu. A tsakani akwai faɗin fili, kuma a cikin filin nan mutum na iya samun kusan duk hoton da ransa ke so. Na kwana biyu ina murɗa lambar, kowace ƙwaya da tata, har taswirorin suka yi kyau kamar na mujalla. Na kai wa Dokta ina jin kaina.

Ta duba, ta ce, "Wace lamba ka sa a wannan?" Na faɗa. "Wannan fa?" Na faɗi wata daban. Ta ture takardun gefe. "To ai ba ƙwayoyin ka auna ba, ɗanɗanonka ka auna. Zaɓi ɗaya da hujja, ka rubuta hujjar, ka sa wa kowa ita, ko ta yi kyau ko ba ta yi ba."

Ta kuma ba ni gwaji uku da har yau ba na yarda da taswira sai ta ci su. Na ɗaya, a bi da wurin da babu ƙwaya ta cikin lissafin. Duk ƙarfin da ya fito a nan hayaniya ce, kuma duk abin da bai fi shi ba a ƙarƙashin ƙwaya ba abin faɗa ba ne. Na biyu, ƙwayar da ke ita kaɗai ba ta da abin dogaro sai jel ɗin, saboda haka idan aka tara kibiyoyin ƙarfinta duka, na gabas su cinye na yamma, jimla ta zo kusa da sifili. Idan ba ta zo ba, akwai zamewar da ba a cire ba ko wata maƙwabciya na ja daga gefe. Na uku shi ne wanda ya fi burge ni: a zuba bilebistatin, maganin da ke tsayar da mayosin. Na zuba, na bi ƙwaya ɗaya da hoto, cikin rabin awa jajayen wuraren suka dushe, ƙwallayen suka koma kusa da mazauninsu alhali ƙwayar na nan kwance. A nan na gode wa wanda ya zaɓa mana jajayen ƙwallaye, domin shuɗin haske yana lalata wannan maganin ya kuma mai da shi guba ga ƙwayar.

Saura abu ɗaya da na ɗauka na gama da shi tun farko, wato taurin jel. Lissafin gaba ɗaya a kansa yake rataye: idan taurin da ka faɗa wa kwamfuta ya ninka na gaskiya, duk ƙarfin da ta ba ka ya ninka. Ni daga jadawali na kwafo tawa lambar. Da muka kai faifai uku ga na'urar da ke latsa jel da 'yar tsinke ta auna turjiyarsa, sai ga su sun fi abin da jadawali ya ce laushi, kuma na wani mako ya bambanta da na wani. Tsufan sinadari, zafin ɗaki, yawan iskar da ta rage, duk suna da hannu. Na koma na gyara lambobina duka.

Kuma taurin ba ma'auni ne kawai ba, ƙwayar tana jinsa. A jel mai tauri takan ƙara bajewa ta ƙara ja, a mai laushi ta tsuke ta sassauta. Adam Engler da Dennis Discher da abokansu sun nuna a 2006 cewa taurin shimfiɗa kaɗai na iya karkata ƙwayoyin asali, waɗanda ba su riga sun zama wani takamaiman iri ba: a mai laushin ƙwaƙwalwa su ɗauki kamannin ƙwayar jijiya, a mai taurin tsoka su nufi tsoka, a wanda ya fi haka su nufi ƙashi. Ke nan sikelin da ka ɗora ta a kai yana sauya nauyin da za ta nuna. Ka yi jel mai laushi don ka ga gocewa sosai, ka samu ƙwaya mai kasala. Ka yi mai tauri don ta nuna ƙarfinta, ƙwallayen su ƙi motsin da madubi zai gani. Shi ya sa idan na ji an ce ƙarfin ƙwaya kaza kaza ne, ba a faɗi a kan me take kwance ba, sai in ji maganar rabi ce.

A tsakiyar wannan wahalar na yi ta sha'awar masu bin wasu hanyoyin. Ɗakin binciken Christopher Chen ya fito a 2003 da gadon 'yan ginshiƙai na roba mai laushi: ƙwaya ta kwanta a kan kawunansu, kowane ginshiƙi ya lanƙwashe gwargwadon jan da ya sha, ka ninka lanƙwasar da taurinsa, shi ke nan, babu juyin lissafi. Sai dai ƙwayar tana kwance ne a kan tsibirai masu rami a tsakani, abin da ba ta saba da shi ba. Wasu kuma cikin ƙwayar suke shiga: a 2010 an dasa wani ɗan ma'auni mai ƙyalli a cikin furotin binkulin, wanda ke wurin da ƙwaya ke kama shimfiɗa, aka ga kowane binkulin ɗaya na ɗauke da wajen fikoniyuton 2.5 (niyuton ma'aunin ƙarfi ne, fikoniyuton kuwa kashi ɗaya cikin tiriliyan na niyuton). Da hantsakin haske, wato hasken lesa mai riƙe ƙananan abubuwa, wanda ya sa Arthur Ashkin ya samu kyautar Nobel a 2018, an auna mayosin guda ɗaya yana ja da fikoniyuton 3 zuwa 4. Kowace hanya da tambayar da take amsawa, kowacce kuma da inda take yi wa mai ita ƙarya.

Tawa amsar, bayan gyare-gyare, ta zo inda aka saba gani ga irin wannan ƙwayar: matsin 'yan ɗaruruwan faskal a gefuna, jimlar ja kuma 'yan ɗaruruwan nanoniyuton (nanoniyuton ɗaya fikoniyuton dubu ne). Na zauna na lissafa don in ji lambar a jikina. Ƙwayar rairayi mai laushi, mai faɗin kashi ɗaya cikin goma na milimita, nauyinta wajen nanoniyuton 14 ne. Ke nan faibirobilas ɗina tana ja da nauyin rairayi goma zuwa ashirin ko fiye. Kamar ba komai ba, sai ka tuna ita kanta 'yan nanogiram ce (nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram), wato tana jan abin da ya ninka nauyinta sau dubbai, kuma a haka take wuni.

Na kai wa Dokta jadawalin ƙwayoyi goma sha bakwai da suka tsallake gwajin uku. Wata ta ninka wata sau huɗu ko biyar, alhali faranti ɗaya suka kwana. Ta bi lambobin da bakin biro har ƙasa, ta ɗago.

"Duka daga haɗin jel ɗaya?"

"Eh, Dokta."

"To ka samu ɗaya. Kawo mini biyu kuma, kowanne da awon taurinsa."

Ranar Litinin da safe na sa safar hannu, na ɗauko kwalbar hodar APS, na kunna sikeli.